Ina Kuɗin Kare Muhalli Da Ake Yi Wa Ƙasashe Masu Tasowa Alkawari Suke Shiga?

Tambaya: Wata ɗaliba mai karatun ilimin muhalli ta aiko ta ce: "Malam, duk shekara sai mu ji an yi taron sauyin yanayi, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin biliyoyin daloli don kare muhalli a ƙasashe masu tasowa. Amma ga daji yana ta ƙarewa, ambaliya kuma sai ƙaruwa take yi. Shin ana bayar da kuɗin nan kuwa? In ana bayarwa, ina suke shiga? Kuma me zai sa wata gwamnati ta ɗebi harajin mutanenta ta kai wata ƙasa don a kare itatuwa?"

Amsa:

Ana bayarwa, 'yar'uwa. Sai dai tsakanin adadin da shugaba ke faɗa a gaban lasifika da abin da ke isa hannun manomi ko masunci ko mai gadin daji akwai doguwar tafiya, kuma a kowane zango kuɗin raguwa suke yi. Na shafe shekaru ina cikin masu bin sawun irin waɗannan ayyuka, wato waɗanda ake turawa bayan an rufe aiki su je su gano abin da aka yi da kuɗin. Abin da wannan yawo ya koya mini shi ne, yawan kuɗin da aka ambata ba ya gaya miki ko daji zai tsira. Sai kin san ko kyauta ce ko bashi, a hannun wa kuɗin suka tsaya, kuma shekara nawa za a yi ana bayarwa. Bari mu bi su tun daga inda suka taso.

A taron Kopenhagen na 2009 ne ƙasashe masu arziki suka ce kafin 2020 za su riƙa tara dala biliyan 100 duk shekara don taimaka wa ƙasashe masu tasowa a kan sauyin yanayi. Ƙungiyar OECD, wadda ita kanta ta masu arzikin ce, ita ke riƙe da littafin lissafi. Da 2020 ta zo ta ce an samu biliyan 83.3. Sai a 2022 aka haye, da biliyan 115.9. Ko mun karɓi wannan lissafi yadda yake, an makara da shekara biyu. To amma lissafin kansa akwai magana a cikinsa. Kusan kashi 70 cikin 100 na abin da gwamnatoci da bankunan raya ƙasa suka bayar rance ne, kuma ana rubuta rancen gaba ɗayansa a shafin taimako. Ki ɗauka na ranta miki dala 100, za ki biya ni da ruwa a cikin shekara 20. Alherin da na yi miki a gaskiya shi ne rangwamen da na yi miki a kan kuɗin ruwan kasuwa, ɗarin kuwa za ta dawo aljihuna. Ƙungiyar Oxfam ta zauna ta yi irin wannan lissafi a kan 2020, ta cire abin da za a biya, ta cire ayyukan da alaƙarsu da yanayi ba ta taka kara ta karya ba, sai ta ga ainihin taimakon yana tsakanin dala biliyan 21 da 24.5.

Wannan batu na ayyukan da ake liƙa wa sunan muhalli ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tun 1998 aka fito da tsarin da kowace ƙasa mai bayarwa za ta sa wa aikinta alama, ta ce muhalli shi ne babbar manufarsa, ko muhimmin ɓangare ne a cikinsa, ko babu ruwansa da shi. Wanda ya rubuta jarrabawar shi ke yi wa kansa maki. Har yau babu wata ma'ana guda da duniya ta amince da ita ta abin da ake kira kuɗin yanayi. A 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya tone rahotannin da ƙasashe suka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tarar Italiya ta sa tallafin da ta ba wani kamfanin cakulan ya buɗe shaguna a Asiya, Japan ta sa tashar lantarki mai aiki da kwal a Bangaladash da faɗaɗa filin jirgin sama a Masar, Amurka ta sa rancen faɗaɗa wani otal a gaɓar teku a Haiti. Ni ma na taɓa duba takardun wani aikin hanya da aka zuba kuɗinsa kaf a lissafin sauyin yanayi saboda an faɗaɗa kwalbatoci don ruwa ya samu wucewa. Faɗaɗa kwalbati abu ne mai kyau, na yarda, amma kuɗinsa ɗan ƙaramin yanki ne na aikin, sauran duk kwalta ce da tsakuwa.

Sannan akwai tambayar daga wace jaka kuɗin ke fitowa. A yarjejeniyar muhalli da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Rio na Barazil a 1992 an ce kuɗin muhalli za su zama sababbi, ƙari a kan taimakon raya ƙasa da aka saba bayarwa. Shi wancan taimakon, tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kowace ƙasa mai arziki ta riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarta. Ƙasashe ƙalilan ne suka riƙe wannan, irin su Norwe da Lukzambur da Suwidin da Denmak. A 2023 duka abin da ƙasashen suka bayar ya kai wajen dala biliyan 223, wato kashi 0.37, rabin alkawari ke nan da ɗan ɗoriya. Tunda jakar ba ta girma yadda aka ce ba, yawancin kuɗin muhalli daga cikinta ake yanko su. Dalar da ta tafi dashen itace sau da yawa ita ce wadda da ta tafi asibiti ko makaranta. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yana sa mutane su ɗauka muhalli kishiyar lafiya da ilimi ne, alhali rijiyar da ta ƙafe da gonar da ta mutu su ke cika asibitin.

Me ya sa rance ya yi yawa haka? Saboda kuɗi suna bin inda za su dawo. Tashar lantarki mai aiki da hasken rana tana sayar da wuta, jirgin ƙasa na cikin birni yana karɓar kuɗin tikiti, don haka banki zai ba da rance hankali kwance. Irin waɗannan ayyuka na rage hayaƙi su ke cinye kaso mafi tsoka, kuma sun fi tafiya ƙasashe masu matsakaicin arziki waɗanda ke iya biya. Amma shingen da zai tare ruwan teku daga shiga gonakin shinkafa, ko irin shuka mai jure fari, ko na'urar gargaɗin ambaliya, ba sa kawo ko sisi, asara kawai suke hanawa. Su ne matalautan ƙasashe suka fi buƙata, su ne kuma aka fi yi wa rowa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙasashe masu tasowa na buƙatar dala biliyan 215 zuwa 387 a shekara don jure sauyin yanayi, abin da aka ba su a 2022 kuwa wajen biliyan 28 ne.

Dubi Pakistan. A 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe sama da 1,700, ɓarna da asara suka kai wajen dala biliyan 30. Hayaƙin da ƙasar ke fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. A Janairun 2023 aka taru a Geneva aka yi mata alkawarin sama da biliyan 9, aka yi ta tafi, daga baya ya bayyana yawancinsu rance ne. Ƙasar da bashi ya riga ya shaƙe ta ke nan, aka ce ta ƙara ciyo wani don gyara ɓarnar da ba ita ta jawo ba. Haka Afirka ta Kudu: a taron Glasgow na 2021 aka yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rage dogaro da kwal, da aka baje takardun sai kyautar da ke ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma kuma sake horar da ma'aikacin da za a rufe mahaƙarsa, da raya garin da ke ci daga mahaƙar, kyauta suke buƙata.

Yanzu mu ce kyauta ce ta gaske, kuma aikin muhalli ne na gaske. Saura hanya. Manyan asusun duniya, irin su asusun muhalli na GEF da aka kafa a 1991 da asusun yanayi na GCF da aka amince da shi a 2010 mai hedikwata a Koriya ta Kudu, ba sa miƙa kuɗi ga ƙauye. Sai ta hannun wata hukuma da suka tantance. Tantancewar kan ɗauki shekaru, takardun kuma da Turanci suke, masu kauri, suna neman alƙaluman ruwan sama na shekaru masu yawa waɗanda ƙasar da ta fi shan wahala sau da yawa ba ta da su. Saboda haka manyan hukumomin duniya su ke karɓar mafi yawa, su cire ladan kula da aiki, su ɗauko ƙwararru daga waje su rubuta tsari, su ba ma'aikatar gwamnati, ita kuma ta ba 'yan kwangila ko ƙungiyoyi. Motoci, ofis, tarurrukan bita a otal, alawus na tafiya, duk daga ciki. Ba ina cewa duk sata ba ce. Yawancin abin da ke zubewa a hanya halal ne a takarda, da rasit da sa hannu. Cibiyar bincike ta IIED da ke Landan ta bi kuɗin asusun yanayi na duniya daga 2003 zuwa 2016, ta ga abin da aka tsara don ya isa matakin al'umma bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wani bincike na 2021 kuma ya nuna 'yan asalin dazuzzuka, waɗanda tauraron ɗan'adam ke nuna dajin da ke hannunsu ya fi tsira, abin da aka ware don haƙƙin ƙasarsu da kula da dajinsu bai kai kashi 1 cikin 100 na taimakon yanayi ba.

Abin da ya fi ɓata ayyuka a ganina ma ba wannan ba ne, gajeren wa'adi ne. Aikin tallafi shekara uku ne zuwa biyar, itace kuwa ba ya bin kalandar ofis. Akwai wani wuri da aka tura mu, shekara biyu bayan rufe wani aikin dashe. Allon sanarwa yana nan tsaye, da tambarin masu bayarwa, fentinsa ko dusashewa bai yi ba. Bayansa lambun renon dashe ne: dubban baƙaƙen ledoji a jere, ƙasar cikinsu ta bushe ta tsage, kowace da ɗan busasshen tsinke a tsakiya. Famfon rijiyar burtsatse ya lalace tun watanni kaɗan bayan tafiyar ma'aikata, abin da ya mutu a cikinsa ƙaramin ƙarfe ne, amma babu wanda aka bar wa alhakin sayensa. Wayar shingen an kwance ta, awaki na kiwo a fili. Wani dattijo da ya yi gadin wurin ya zagaya da mu, ya nuna mana layin da aka dasa, yana ƙirga waɗanda suka rayu da sandarsa, bai daɗe yana ƙirgawa ba ya gama. Na tambaye shi me ya sa mutanen gari ba su ci gaba da ban ruwa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, itatuwan aikin ne. Ba a ce namu ba ne." A rahoton ƙarshe na wannan aiki an rubuta an cim ma buri, kuma ba ƙarya aka yi ba, domin abin da aka ce a ƙirga shi ne yawan dashen da aka sa a ƙasa. Ba a ce a dawo bayan shekara biyar a ƙirga masu rai ba.

Wannan ba labarin wuri ɗaya ba ne. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an zuba kuɗi wajen dasa itatuwan gaɓar teku a Siri Lanka, masu bincike suka koma daga baya suka tarar a yawancin wuraren sun mutu, don an dasa su inda ba sa fitowa. Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 daga Senegal zuwa Jibuti, burinta farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, rahoton 2020 ya ce abin da aka yi a ainihin zirin wajen hekta miliyan 4 ne.

Kada ki ɗauka daga nan cewa duk asara ce. Da haka ne da tuni na bar aikin. Akwai inda kuɗin suka yi abin da ba a taɓa zato ba, kuma in kin duba za ki ga sun yi kama da juna.

Mafi girma shi ne na rufin ozon, wannan lulluɓin iska da ke kare mu daga zafin hasken rana mai cutarwa. Sinadaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suna cinye shi. Aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987, sannan a 1990 aka kafa asusu na musamman don biyan ƙasashe masu tasowa kuɗin sauya masana'antunsu. Kyauta ce, ana sake cika asusun duk shekara uku, aikin a bayyane yake, tan nawa na sinadari aka daina amfani da shi. A kwamitin da ke raba kuɗin kuwa, kujera bakwai na masu bayarwa ne, bakwai na masu karɓa. A cikin sama da shekara 30 abin da aka kashe dala biliyan 4 ne da 'yan kai, kuɗin da bai kai na wasu manyan gadoji ba. An kawar da kusan kashi 99 cikin 100 na sinadaran, kuma masana na sa ran rufin zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya.

Na biyu shi ne Amazon. A 2004 Barazil ta sare daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 27,800 a shekara ɗaya. Zuwa 2012 ya sauko wajen 4,600. Gaskiyar magana, Barazil ce da kanta ta fara, da dokoki da sintiri da sa ido ta tauraron ɗan'adam, tun kafin kuɗin waje su zo. A 2008 aka kafa Asusun Amazon, Norwe ta zuba sama da dala biliyan 1, Jamus ta bi baya. Sharaɗin mai sauƙi ne: a rage sara, hoton tauraro ya tabbatar, sannan a biya. Bankin raya ƙasa na Barazil ne ke riƙe da kuɗin, ba wani ofis a Turai ba. Da gwamnatin Bolsonaro ta rushe kwamitocin asusun a 2019 aka dakatar da biya, sara ya haura 13,000 a 2021. Da Shugaba Lula ya dawo mulki a 2023 aka sake buɗewa, a 2024 ya sauko wajen 6,300. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne kuɗin waje suna ƙarfafa gwamnatin da ta riga ta yi niyya, amma ba sa saya mata niyyar.

Bangaladash ita ce ke sa ni ƙwarin gwiwa a kan kuɗin jure bala'i. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 ta kashe kusan 138,000. Aka yi shekaru ana gina matsugunan gudun guguwa a kan ginshiƙai, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne, aka horar da dubban 'yan sa-kai masu zagayawa da lasifika suna tashin mutane, aka gyara hasashen yanayi. Gwamnati da kuɗin taimako suka haɗu a kai, ba a daina ba. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba.

Sai wanda ya fi kowanne arha. A kudancin Nijar, a farkon shekarun 1980, bayan ayyukan dashe masu tsada sun sha faɗuwa, wani ma'aikacin agaji ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa lokacin sharar gona toho ne daga kututturen itatuwa masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Ba sai an dasa ba. A zaɓi toho mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi. Abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, aka sa masa suna sassabin zamani, ya kuma samu gindin zama da aka sassauta dokar gandun daji har manomi ya tabbata itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, jami'i ba zai ci shi tara a kansa ba. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ki gwada wannan da maganar dattijon nan mai sanda. Bambancin duka a kan kalma ɗaya yake: na wane ne?

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, me zai sa su biya. Dalili na farko haƙƙi ne. Iskar kabon tana daɗewa a sama ɗaruruwan shekaru, don haka zafin yau tarin hayaƙin jiya ne. Amurka kaɗai ta fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da aka tara tun farkon zamanin masana'antu. Afirka baki ɗayanta, da mutum sama da biliyan 1.4, ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin yau. Shi ya sa a Rio aka rubuta cewa alhakin na kowa ne amma nauyin ba ɗaya ba. Wanda ya tara arziki da hayaƙi, hayaƙin ya ƙone gonar maƙwabci, abin da zai bayar ya fi kusa da diyya fiye da sadaka. Su masu bayarwar ba sa son wannan kalma, sun yi shekara 30 suna guje mata kafin a amince da asusun asara da ɓarna a Masar a 2022, kuma da aka buɗe shi a Dubai a 2023 alkawuran farko wajen dala miliyan 700 ne.

Dalili na biyu amfanin kansu ne, kuma ba na ganin laifi a faɗe shi. A tsakiyar dajin Kwango akwai wata fadama mai taɓo wadda masana suka auna a 2017 suka ce tana riƙe da kabon wajen tan biliyan 30, kwatankwacin hayaƙin man fetur da kwal da gas na duniya na shekara uku. In ta bushe, mutumin Landan da na Tokyo za su ji a jikinsu. Amma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ɗaya daga cikin ƙasashe biyu da ke da ita, matalauciya ce, kuma a 2022 ta sa filayen haƙar mai a kasuwa, wasu sun shiga cikin fadamar. Da wane baki za a ce mata kada ta taɓa, in ba a kawo abin da zai maye gurbin kuɗin ba? Gabon, wadda daji ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasarta, ita ce ta farko a Afirka da aka biya don ta rage sara, a 2021, kuma abin da aka ba ta dala miliyan 17 ne. Muddin itace a kwance ya fi itace a tsaye kawo kuɗi, ministan kuɗi zai saurari mai zarto. Game da nauyin da ke kan mai biyan haraji kuwa, kafin 2025 duka taimakon waje na Amurka wajen kashi 1 cikin 100 ne na kasafin kuɗinta, na muhalli ɗan yanki ne a cikin wannan ɗayan. A 2024 duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 a kan soja.

Ba zan wanke ƙasashe masu karɓa ba, don na ga abin da na gani. Na ga ma'aikatar da ke karɓar kuɗin kare daji da safe, wata ma'aikatar a gini ɗaya tana ba da lasisin sare shi da yamma. Na ga motar aiki ta koma ta kai 'ya'yan darakta makaranta. Na ga gwamnati ta yi alkawarin zuba nata kason ta ƙi, aikin ya tsaya cak. Mafi muni shi ne inda aka kori mutane daga ƙasar kakanninsu da sunan kafa gandun namun daji, masu gadi da bindiga suka hana su itacen girki da wurin kiwo. Wanda aka yi wa haka ba zai taɓa ƙaunar dajin ba, kuma ranar da albashin mai gadi ya tsaya, ranar dajin zai fara tafiya.

Wannan ranar kuwa ta zo wa wurare da yawa a 2025. Amurka ta sake ficewa daga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris, ta soke alkawarin dala biliyan 4 da ya rage mata a asusun GCF, ta janye daga shirin Afirka ta Kudu, ta rufe hukumarta ta ba da agajin waje, USAID, wadda tun 1995 take ɗaukar nauyin kare dajin Kwango. Birtaniya, wadda ta sa kashi 0.7 ɗin nan na taimakon waje a dokarta a 2015 sannan ta rage zuwa 0.5 a 2021, ta ce za ta sauko 0.3 kafin 2027 don ƙara kuɗin tsaro. Jamus da Faransa ma sun rage. Duk wannan watanni kaɗan bayan taron Baku na Nuwamban 2024, inda ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka tsaya a kan biliyan 300 kafin 2035, ba tare da an fayyace nawa ne kyauta a ciki ba. Yankewar farat ɗaya ta fi ƙarancin kuɗi ɓarna. Dajin da aka yi shekara 20 ana karewa, rani ɗaya ya ishi masu sara da mafarauta, kuma ma'aikacin da aka horar ya tafi neman abinci wani wuri, ba ya dawowa.

Tunda karatun da kike yi ke nan, ga abin da nake yi duk sanda takardar wani aiki ta zo hannuna, ke ma ki gwada. Ina tsallake shafukan farko masu hotuna in tafi kasafin kuɗi a can baya. In duba nawa ne kyauta nawa ne rance, kuma da wane kuɗi za a biya rancen, domin bashin dala yana kumbura duk sanda kuɗin ƙasa ya faɗi. In haɗa layin albashin ƙwararru da motoci da tarurruka in gwada shi da layin abin da zai shiga ƙasa. In nemi inda aka rubuta sunan wanda zai mallaki itacen ko rijiyar ko shingen. Sannan in nemi shekara ta shida: wa zai biya mai gadi, wa zai sayi ƙarfen famfo, wa zai dawo ya ƙirga masu rai. Yawancin waɗannan takardu suna nan a shafukan intanet na asusun GEF da GCF da Bankin Duniya, kowa na iya saukewa kyauta, har da rahotannin tantancewa na bayan aiki. Ki zaɓi aiki ɗaya da aka rufe shekara biyar da suka wuce a inda ƙafarki za ta iya kaiwa, ki karanta rahotonsa, sannan ki je wurin ki tambayi wanda ya yi gadi.